Furen dutsen Mambila da ya ƙi zaman Legas

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da furanni ne a bakin titi a Lekki, ina zaune a Obalende. Bayan ƙaramar Sallah na je biki Gembu, sai abokan ango suka kai mu yawo can saman duwatsun da ke wajen iyakar Kamaru. A nan na ga wani ɗan itace da bai wuce gwiwa ba, ganyensa sirara kamar allura, furanninsa ƙanana kamar 'yan ƙararrawa, ya lulluɓe gefen dutse gwanin sha'awa. Na tono guda biyar na zuba a buhu na taho da su. Na sa musu baƙar ƙasa da kashin kaji, na ajiye su a inuwa, ina ba su ruwa safe da yamma. Cikin mako uku duk suka bushe. Wata Hajiya da na nuna wa hotonsu ta ce ta ga irinsu a Afirka ta Kudu, tana so a jera mata su a bakin hanyar shiga gidanta, ko nawa ne za ta biya. Wane tsiro ne wannan, me na yi ba daidai ba, kuma in na koma na ɗebo wasu yaya zan yi su rayu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a sana'arka. Zan fara da abin da ka tambaya a ƙarshe, don shi ne ya fi damuna: kada ka koma ka ɗebo wasu. Ko ka kawo ɗari, ko ka samo wanda ya fi kowa iya reno a duk faɗin Ikko, ƙarshensu ɗaya ne da waɗannan biyar ɗin. Akwai kurakurai a yadda ka rene su, kuma zan nuna maka su, amma kurakuran sun gaggauta mutuwar ne kawai. Tun ranar da motarku ta gangaro daga kan tsaunin nan ta nufo Serti, kwanansu ya fara ƙarewa.

Yadda ka siffanta shi, wannan ɗan dangin da masana tsirrai ke kira Erica ne. Idan busassun suna nan ba ka zubar ba, ɗauki reshe ɗaya ka duba da kyau. Za ka ga ganyen ba warwatse suke ba, sun kewaye reshen uku-uku ko huɗu-huɗu a gaɓa ɗaya. Ka juya ganye guda ka kalli bayansa, za ka ga wani siririn kwari ya ratsa shi daga tushe zuwa tsini. Asalin ganyen yana da ɗan faɗi, gefe da gefensa ne suka naɗe baya suka kusa haɗuwa, kuma 'yan ƙofofin da tsiron ke shaƙar iska da su suna ɓoye cikin wannan kwarin. Dabara ce ta hana iskar kan dutse ta zuƙe masa ruwan jiki. Wanda aka fi sani daga cikin dangin a duwatsun da suka haɗa Najeriya da Kamaru shi ne Erica mannii, wanda tsofaffin littattafai ke rubutawa Philippia mannii. An sa masa sunan Gustav Mann, wani Bajamushe mai tattara tsirrai da ya hau Dutsen Kamaru a 1861 zuwa 1862. Inda aka bar shi ya sarara yakan zarce tsayin mutum, amma inda iska ke dukansa, wuta na bi ta kansa, ƙasa kuma ba zurfi, sai ya zauna a duƙe kamar yadda ka gan shi. Dangin nan babba ne, nau'insa ya haura 800, kuma kusan 700 daga ciki a ƙuryar kudancin Afirka ta Kudu suke. Saboda haka Hajiya ba ta yi kuskure ba, 'yan'uwansa ta gani.

To, me ya kashe su? Mutane da yawa in aka yi wannan tambayar sai su ce zafin rana. Ni kuwa na fi ɗora laifin a kan daren Legas, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan ya huta da asarar kuɗi a kan tsirrai da dama, ba wannan kaɗai ba.

Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyos. Tsaunin Mambila yana wajen mita 1,600 sama da teku. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, yana da mita 2,419. Wurin da kake ajiye furanninka a Lekki kuwa da ƙyar ya ɗara teku da 'yan mitoci. Yi lissafin da kanka: tsakanin Gembu da Legas akwai bambancin digiri 10, tsakanin ƙololuwar duwatsun da Legas kuma ya kusa 16. Kai da ka kwana a Gembu ba sai an gaya maka ba, na tabbata sai da ka nemi bargo. A Legas kuwa yawancin darare zafi ba ya sauka ƙasa da digiri 24 ko 23, ga laima ta cika iska, mutum ya yi wanka ya kwanta ya tashi sharkaf da gumi.

Tsiro da rana yake samu. Ganyensa na amfani da hasken rana ya haɗa sukari, wanda shi ne abincinsa kuma jarinsa. Amma dare da rana yana ƙona wannan sukarin don ya rayu, kamar yadda jikinmu ke ƙona tuwon da muka ci ko muna barci. Saurin ƙonawar nan ya danganta da zafi: in zafi ya ƙaru da digiri 10, yakan kusa ninkawa biyu. Ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke cin ribar dubu biyar a yini, yana kashe dubu uku a masauki da abinci, yana ajiye dubu biyu. Ka ɗauke shi ka kai shi garin da ribarsa ba ta ƙaru ba amma masauki da abinci sun koma dubu shida. Ranar farko ba wanda zai ga alama a fuskarsa, mako na biyu ma yana fita kasuwa da wankakkiyar riga, amma uwar kuɗi yake ci, kuma ranar da ta ƙare sai a ji ya rufe shago. Haka ya faru da tsirranka. A can sama, sanyin dare ne ke rage musu kashewa, su wayi gari da ragowar da za su yi sabon toho da fure da saiwa. A Obalende da Lekki babu daren da ya ba su wannan hutun.

Kuma ka san wannan tun tuni ta wata fuskar. Je ka kasuwar Mile 12 ka tambayi 'yan'uwanmu masu dankalin Turawa daga ina kayansu ke zuwa, za su ce maka Filato, daga Bokkos da Mangu da kewayensu. Ka shuka shi a Ikorodu, ganye zai fito kore shar, amma in ka tona ba za ka sami abin kirki ba, don ba ya ƙulla 'ya'ya sosai in dare na da zafi. Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, a kan Mambilar nan da ka je, tsayin wurin ne ya ba shi dama. Hatta furen wardin da ake shigowa da shi Legas cikin jirgi daga Kenya, yawancinsa a gefen tafkin Naivasha ake noma shi, wajen mita 1,900 sama da teku. Babu takin da ke maye gurbin tsayi.

Sai maganar saiwa. Idan ka tuge sabara ko kalgo a dajin Arewa za ka ga saiwa mai kauri ta nutsa ƙasa. Dangin Erica ba haka suke ba. Saiwoyin da suke ci da sha da su sirara ne ƙwarai, wasu sun fi gashin kai siranta, kuma sun shimfiɗu ne kusa da saman ƙasa kamar tabarma. Minti kaɗan a buɗaɗɗiyar iska ya isa ya busar da su. Lokacin da ka sa fartanya ko adda ka tono, mafi yawansu sun tsinke sun zauna a can, waɗanda suka biyo ka kuma suka yi kwana biyu cikin buhu a bayan mota. Abin da ka dasa a leda, in an bi gaskiya, reshe ne da kututture.

Akwai wani abin mamaki game da saiwoyin nan da nake so ka sani, don yana cikin abin da ya sa nake ƙaunar dangin. Ba su kaɗai suke aiki ba. Wata irin fumfuna mai amfani tana zaune a cikin fatar saiwar, ta miƙa zarenta cikin ƙasa, tana narkar da ruɓaɓɓen ganyen da tsiron ba zai iya narkarwa da kansa ba, ta miƙo masa sinadaran da ke ciki, shi kuma ya biya ta da sukari. Da wannan haɗin gwiwar ne yake rayuwa a kan ƙasar da masara ko dawa ba za su ko tsaya ba: ƙasa mai tsami, wadda ruwan sama ya wanke shekara da shekaru har ba abin da ya rage mata. Masana suna auna tsamin ƙasa da ma'aunin da ake kira pH, inda 7 ke tsakiya, abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa. Dangin Erica na kan dutse sun fi jin daɗi tsakanin 4.5 da 5.5.

Yanzu dubi abin da ka ba su. Baƙar ƙasar da ake kawo muku a tifa mai nauyi ce, tana riƙe ruwa. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, cike da gishiri-gishirin da ke ƙona siririyar saiwa, kuma in na kajin ƙwai ne yana ɗauke da ragowar farar ƙasa da ɓawon kawa da ake zuba musu a abinci don ƙwai ya yi ƙwari, wanda ke kashe tsamin ƙasa. In tsami ya tafi, tsiron ba ya iya jawo sinadarin ƙarfe ko da yana nan a ƙasar, sai sabon ganye ya fito rawaya. Ruwan rijiya ko na burtsatse a yankin Lekki da Aja sau da yawa yana da ɗanɗanon gishiri saboda kusanci da teku, wannan ma ƙari ne. Ban ga laifinka ba, abin da ka saba yi wa sauran furanni suna murna shi ka yi. Amma wannan tsiron ya tashi ne cikin talauci, jikinsa duk an gina shi don tsintar kaɗan-kaɗan, kuma ba shi da hanyar cewa ya ƙoshi. Wasu itatuwan furanni na Afirka ta Kudu da ake kira Protea sun fi shi tsanani a wannan: ɗan barbaɗin takin zamani irin 15-15-15 na iya kashe babba a cikinsu, saboda sinadarin fosfaras da ke ciki guba ne gare su in ya yi yawa.

Ruwan safe da yamma shi ne ya ƙarasa aikin. Gaskiya ne ana tafka ruwa a Mambila, damina can tana da tsawo. Amma ruwan kan gangare wucewa yake yi, ya jiƙa ƙasa ya gangara, kuma mai sanyi ne. Ruwan da ya kwanta cikin baƙar leda a zafin Legas kuwa ɗumi yake yi, iska ta ƙare a cikinsa, kuma nan ne gidan wata cuta mai ruɓar da saiwa da ake kira Phytophthora, wadda 'ya'yanta ke iyo cikin ruwa suna neman saiwa. Muguntar cutar ita ce alamarta iri ɗaya ce da ta ƙishirwa. Saiwa ta ruɓe, ruwa ba ya hawa, kan reshe ya lanƙwashe, mai lambu ya ga haka ya ƙara ruwa. Kusan na tabbata haka ka yi a mako na biyu. In ka zare ɗaya daga ledarsa yanzu, ka kankare fatar gindin da farce, za ka tarar da cikin ya yi ruwan ƙasa ko baƙi maimakon fari.

Inuwa kuma ba ta taimaka ba, domin tsiron fili ne, ya saba da rana tsirara a kan dutse. Amma da ka fitar da shi rana, ledar ce za ta yi zafi ta dafa saiwar. Ka ga ko ta ina aka ɓullo babu mafita.

Ni ma na taɓa yin irin wannan lokacin da nake matashi a aikin nan. Na sauko da wasu daga dutse da ƙasarsu a jiki, na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, na dasa su a yashi da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama kaɗai nake ba su, ban sa musu taki ko ƙwaya ɗaya ba. Duk ƙa'idar da na karanta na bi. Sun kai wata biyu da 'yan kwanaki, ba su yi sabon toho ko ɗaya ba, sannan suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Na ji zafin abin, don na san ramukan da na bari a gefen dutsen nan, kuma tun daga lokacin ban sake tono tsiron dutse don in kai shi ƙasa ba.

Bari in ce wani abu game da abin da Hajiya ta gani, don ka iya yi mata bayani da ilimi. A kewayen birnin Kef Tawun akwai wani irin daji na gajerun itatuwa da mutanen can ke kira fainbos, ma'ana daji mai siraran ganye. Yankin da yake ciki bai wuce murabba'in kilomita 90,000 ba, wato kaɗan ya ɗara Jihar Neja, amma yana ɗauke da nau'in tsirrai kusan 9,000, kuma kashi biyu cikin uku ba a samun su ko'ina a duniya sai can. In lambun Kirstenbosch ta shiga, wanda aka kafa a 1913 a gindin dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai, to ta ga Erica kala-kala da furen Protea mai girman faranti wanda shi ne furen ƙasarsu. Yanayin can kishiyar namu ne: ruwan sama yana zuwa ne a lokacin sanyi, lokacin zafi kuma busasshe ne mai iska. Mu kuwa zafi da ruwa tare suke zuwa mana, a watan Yuni Legas tana cikin ruwa tsamo-tsamo kuma da ɗumi. Abin da tsirran can ba su taɓa haɗuwa da shi ba ke nan.

Kuma daji ne da ke rayuwa da wuta. Bayan shekaru goma zuwa ashirin gobara takan bi ta kansa, wasu tsirran su sake tohowa daga kututturen da ke binne, wasu su mutu ƙurmus su bar iri a ƙasa. Irin wasunsu yakan kwanta shekaru bai tsira ba sai ya ji hayaƙi. A 1990 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, De Lange da Boucher, suka nuna cewa hayaƙin kansa, ko babu zafin wuta, yana tayar da irin wani ɗan itacen dutse mai suna Audouinia capitata, kuma a 2004 masana a Ostareliya suka gano sinadarin da ke cikin hayaƙin mai yin wannan aiki. Shi ya sa masu reno a can suke jiƙa iri da ruwan da aka ratsa da hayaƙi. Na kawo wannan ne don ka ga zurfin yadda irin waɗannan tsirrai suka ɗaure da wurinsu: sanyin darensa, ƙasarsa, fumfunar cikin ƙasar, har da wutar da ke cin sa. Wanda ya tono itacen ya ɗauko kashi ɗaya ne ya baro sauran.

Namu na Najeriya kuma ya fi ban tausayi, don wurin zamansa ƙanƙane ne. Ƙololuwar duwatsun nan kamar tsibirai suke a tsakiyar tekun zafi: Mambila da duwatsun Gotel, Obudu a Kuros Riba, Dutsen Oku da Dutsen Kamaru a ƙetaren iyaka. Tsiron da ke kan ɗaya ba shi da inda zai gudu, in ya sauko zafi ya kashe shi, sama kuma dutse ya ƙare. Ga shanu suna tattake shi, ga wutar da ake sakawa kowace shekara don sabuwar ciyawa, wadda ta yi yawan da ƙananan ba sa samun sukunin girma su zubar da iri, ga gonaki da itacen turare da ake ta dasawa suna cin fili. Ɗan itacen da ka ga bai wuce gwiwa ba yana iya yin shekaru da yawa kafin ya kai haka, kuma saiwarsa ce ke riƙe ƙasar gangaren kada ruwa ya kwashe ta. Biyar da ka tono ba su ne za su ƙarar da shi ba. Abin da nake tsoro shi ne a ji Hajiya ta saya da tsada, maƙwabciyarta ta ce ita ma, masu furen Ikoyi da na Ikeja su ji labari, a fara aika yara da buhuna. Kowane buhu kuma mutuwa zai yi cikin wata guda, a sake aikawa. Sannan ka sani, wani ɓangare na duwatsun nan, har da Chappal Waddi, yana cikin gandun dajin ƙasa na Gashaka Gumti, kuma cire tsiro a cikinsa ba da izini ba laifi ne a doka.

To, cinikin Hajiya fa? Ba sai ka rasa shi ba. Akwai wani ɗan fure da na tabbata ka sani, wataƙila ma yana cikin kayanka: gajere, mai ƙananan ganye masu sheƙi a jere kamar haƙoran mashaci, da 'yan furanni shuɗi-shuɗi masu ɗaukar ja, wani nau'in kuma farare. Sunansa Cuphea hyssopifolia, asalinsa Meziko da Gwatamala, daga ƙasa mai ɗumi da laima irin tamu. Ba dangin Erica ba ne ko kusa, amma daga nesa kamanninsu ɗaya, har a kasuwannin fure na waje ana sayar da shi don wannan kamar. Ba ya wuce rabin mita ko ɗan fiye, yana fure kusan duk shekara, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna son sa. Ka yanki kan reshe mai tsawon ɗan yatsa, ka zage ganyen ƙasa, ka soka a yashi mai danshi a inuwa, cikin mako uku zuwa huɗu zai yi saiwa. In za ka jera shi a bakin hanya, ka bar tazarar wajen santimita 30 tsakaninsu, ka ɗaga kunyar sama da daɓen don ruwan Yuni ya samu hanyar fita, kuma ka kwashe ɓaraguzan siminti da magina kan binne a gefen gini kafin ka zuba ƙasa. Wurin da ke samun ranar safe zuwa azahar ya fi masa. In ya fara tsawo yana ramewa, ka aske kansa da almakashi zai sake cika. Shi kam yana son ɗan ruɓaɓɓen taki, ba ya ƙi. A bayansa kana iya jera gajeren Ixora mai jan fure, su biyun suna tafiya tare da kyau.

Amma ka gaya mata gaskiya. Ka ce mata wanda ta gani ba ya rayuwa a Legas, ga dalili, ga kuma wanda ya yi kama da shi da zai zauna mata shekaru. Kada ka sayar mata da shi da sunan wancan. Mai saye irin wannan in ta gane ka san abin da kake yi kuma ba ka ɓoye mata ba, lambun gidan gaba ɗaya za ta damƙa maka, ta kuma haɗa ka da ƙawayenta. In kuma ranta ya nace sai furen Afirka ta Kudu, to yankakken Protea da ake shigowa da shi yakan yi mako biyu a tulun ruwa a falo, in ya bushe kuma yana riƙe siffarsa watanni. Ka hana ta sa wani ya cuso mata mai rai da ƙasarsa a cikin akwati: shigo da tsiro mai rai ƙasar nan sai da izinin hukumar killace kayan gona ta tarayya, kuma ɗaya daga cikin dalilan dokar shi ne irin cutar saiwar da na ambata ta cikin ƙasa take tafiya.

Idan kuma kai kanka tsiron ya shiga ranka, kuma na ji alamar haka a yadda ka siffanta shi, to a rene shi a inda zai rayu. Kana da abokai a Gembu yanzu. Ba sai an tono uwa ba: a wurin da ba ya cikin gandun gwamnati, da yardar mai wurin, a yanki kan reshe mai tsawon gaɓar yatsa biyu wanda ya fara ƙwari, a soka a yashin rafi da aka gauraya da ruɓaɓɓen ganye da ɗan ƙasar gindin uwar, a rufe da farar leda a inuwa, ruwan sama kaɗai, ba taki ba toka. Yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ya kama, kuma ba duka ke kamawa ba. Wanda ya kama ya dace da gidaje da makarantu da masaukan baƙi na kan tsaunin, kuma ana iya gwada shi a wurare masu tsayi na Filato.

Busassun nan biyar kuma kada ka zubar da su duka. Zaɓi wanda ya fi sauran ganye da fure, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ka danne da abu mai nauyi, ka rubuta a takarda wurin da ka samo shi da watan da ka samo shi da launin furen lokacin yana ɗanye. Sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Legas da ke Akoka yana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai, akwai kuma babba a cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a can za a gwada shi da na ajiya a ba ka cikakken sunansa. Ƙasar da ke cikin ledojin kuwa kada ka juye ta a kan sauran furanninka, ka kai ta nesa ka zubar, ledojin ka ƙone su, ka wanke cebur da almakashinka da ruwan bilic kafin ka taɓa wani tsiro da su.